Rariyar da Darekta Ya Toshe

Faɗa da Darekta Illa, in ta bayan katanga kake saurare, rabinsa kawai za ka samu. Muryar mai faɗan da shi ita ke haurowa. Tasa muryar ba ta taɓa tsallake katanga ba, don shi ba ya ɗaga ta. Sai ka ji mutum yana ta kumfar baki, ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya sake ɗaukowa da zafin da ya fi na farko. A cikin ɗan shirun nan ne Darekta ke zuba nasa man a wuta, a hankali, cikin ladabi.

Hinda, yayarsa ciki ɗaya, ta san wannan hali tun yana yawo ba wando. Shi ya sa da hantsin nan, tana zaune gindin sabuwar katangar suminti da ta raba gidan ubansu biyu, tana ɓarar gyaɗar iri, ba ta wahalar da kunnenta wajen neman abin da yake cewa ba. Muryar 'yarsa Nabila ta ishe ta.

"Papa, ruwan shekaranjiya fa har bakin ɗakin Gwaggo ya kai! Da idona na ga gindin bangon ya jiƙe. Kuma wannan ruwan shuka ne kawai. Ina ga marka ta sauka?"

Shiru.

"Wane irin za a duba? Me za a duba a rami guda? Bulo ɗaya ne fa! Mai gini ya zo ya cire shi kafin a sauke tukunyar rana."

Shiru.

"A'a, don Allah kar ka kawo mini zancen sauro. Ni da ke kwana da masu zazzaɓi a likita za ka yi wa zancen sauro?"

Wannan karon shirun ya ɗan ja. Hinda ta dakata da ɓarar. Ta san an zo kan maganar ɗaki.

"To ai ta ce ba ta son ɗakin! Ba ta so! Dole ne? Wallahi Papa, wani lokaci tsoro kake ba ni."

Aka buga ƙofa. Can sai rediyo ta kama magana, alamar Darekta ya rufe zama.

Abin da ake faɗan a kansa ba wani babban abu ba ne a ido. Gidan marigayi Malam Manu a Dantchiao kan gangare yake, kansa a tudu, ƙafarsa a bakin hanya. Tun kaka da kakanni, in aka yi ruwa, na tsakar gida yana bin wata 'yar kwata ya fita ta rariya, ramin nan da ake bari a gindin katanga, ya faɗa hanya ya yi gaba abinsa. A garin nan ba a roƙon rariya. Gidan ƙasa shi ke ɗaukar ruwan gidan sama, kamar yadda ƙarami ke ɗaukar buta in babba zai yi alwala. Ko maƙwabta biyu ba sa ga maciji, rariya a buɗe take tsakaninsu. Da aka raba gidan, Illa ya ɗauki ɓangaren ƙasa ya ja katanga. Mai ginin, ba tare da kowa ya ce masa ba, ya bar rami a inda kwatar ta biyo, don haka ya ga ubansa na yi. Illa ya zagayo duba aiki, ya tsaya kan ramin, ya ce a sa bulo a shafe da suminti. Tun daga nan ruwan Hinda ba shi da inda za shi sai gindin ɗakinta na ƙasa.

Mutanen gari, waɗanda suka ji labarin, cewa suke boko ne ya yi masa yawa har ya manta yadda ruwa ke tafiya. Hinda in ta ji haka sai ta yi tsaki. Manta? Illa? Lokacin da uwarsu ta rasu yana rarrafe, ita ta goya shi, ita ta yaye shi da kunun gero da nonon akuya. Da ya tasa, sharar rariyar nan aikinsa ce, don hannunsa ne kaɗai ke shiga ramin. Ya san ta fiye da yadda ya san hanyar bakinsa. Abin da ma ta lura tun a lokacin shi ne, ba ya taɓa ta sai ya ji takun Malam Manu a zaure. In uban ba ya nan, ko ruwa zai kai gwiwa yana rakuɓe a ɗaki, wai ƙaya ta soke shi. Da ya ji gyaran murya, sai ka gan shi kwance cikin taɓo, hannu har kafaɗa cikin rami, fuska abin tausayi. Uban ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ita da ta kwashe rabin ruwan da ƙwarya ba wanda ya gan ta.

A gona ma haka. Hauya ba ta zama a hannunsa sai in akwai mai kallo. Shi ya sa da aka zo neman yaro ɗaya daga kowane gida don lakwal, makarantar boko, Malam Manu bai yi dogon tunani ba. Ya ba da wanda rashinsa ba zai rage damin gero ko ɗaya ba. Ashe an jefa kifi a ruwa. Lakwal wuri ne da ake aiki gaban mai kallo daga safe har yamma, kuma mushe, wato malamin aji, ya rubuta sunan wanda ya fi ɗaga hannu. Daga Dantchiao sai Magaria, daga Magaria sai Damagaram. Hinda, tana gidan mijinta a Kwaya, takan ɗaura ƙuli-ƙuli da garin rogo a tsumma ta ba direbobi su kai masa. In ya zo hutu bai taɓa cewa ya isa ko bai isa ba. Sai dai ya ce tsumman ya yi datti, abokansa sun yi dariya.

Aikinsa na farko a Guci ne, ƙaramin ma'aikacin lafiya mai farar riga. A can ya gano ilimin da ya ci da shi har tsufa, wanda ba a koyarwa a kowace lakwal. Ya lura manyan da ke zuwa daga Yamai duba aiki ba sa nisa da inda mota ta tsaya, kuma ba sa zuwa da damina, don hanya ba ta biyuwa. Saboda haka duk abin da za a yi, a yi shi a bakin hanya, a yi shi da rani.

Da aka kawo kuɗin gina salga don yaƙi da amai da gudawa, Illa ya jera su reras a gefen hanyar kasuwa, aka shafe su da farar ƙasa, ƙofofinsu na kallon titi. Wani dattijo ya ja shi gefe ya ce, "Ɗana, wa zai ɗauko buta ya ratso kasuwa gaban surukansa ya shiga nan, kowa na ƙirga masa lokacin da ya yi a ciki? A mai da su bayan gidaje mana." Illa ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, maganarka dutse. Za a duba." Baƙi suka zo cikin manyan motocin katkat, suka ɗauki hoto, suka tafa masa. Salgar nan ko kare bai shiga ba. Daga baya aka ɓalle ƙofofin aka yi akurkin kaji da su. Lokacin Illa yana Damagaram, an ƙara masa girma.

Kar wani ya ce bai san kunyar mutanensa ba. Shi kansa, har ya bar Guci, bayan gari yake zagawa da asuba.

Daga Damagaram aka kira shi Yamai. Ya zauna kujerar tsara manufofin lafiya, aka mai da shi ta gidaje, aka dawo da shi, aka haɗa masa biyun. Gwamnati ta zo ta tafi, mai kaki ya hau, mai babbar riga ya hau, Illa na nan kamar gishiri a miya, kowace tukunya da shi. Sirrinsa ɗaya ne: bai taɓa ce wa kowa a'a ba, bai kuma taɓa zama wuri har ruwa ya daki abin da ya gina ba. Mai ƙorafi ya shigo biro, wato ofishinsa, da wuta, ya fita da shayi a ciki da "za a duba" a kunne, sai ya kai bakin titi ya tuna ba a ba shi komai ba. Rayuwarsa ta zama daga wannan taron atelye zuwa wancan, otel mai sanyi, ruwan gora, a yi ta magana a kan talaka har a gaji a tashi cin kaza. Ya je Makka, ya je ƙasashen Turawa, ya dawo da tabarau mai igiya da wata irin tafiya ta wanda ba ya son ƙura ta san da shi.

Babban abin da yake taƙama da shi shi ne projen gidajen zamani da ya kawo Kwaya, wai don ya tuna da yankinsu. Hinda na garin lokacin, da idonta ta gani. Gidaje ne 'yan dagwas a bakin hanya, rufin kwano ƙasa-ƙasa, manyan tagogi na kallon titi. Ba zaure, ba katanga, ba inda mace za ta yi daka ba tare da mai wucewa ya san ko yau tuwo ne ko ɗanwake ba. Da rana kuwa ciki kamar tanda. Aka tara magidanta, aka ba su makullai gaban masu hoto, suka yi godiya kamar yadda aka koya musu. Da baƙi suka tafi, kowa ya zuba harawa a nasa ya ɗaure rago. Bayan shekara wata Baturiya daga masu ba da kuɗin ta zo ta tarar da raguna na leƙowa ta taga. Ta tambayi Darekta dalili. Bai ko ƙifta ido ba ya ce jahilci ne, mutanen na buƙatar a wayar musu da kai. Aka ba shi sabon proje na wayar da kai. Ya sake zuwa Kwaya da lasifika, ya koya wa mutanen da suka yi masa goyo yadda ake zama a cikin gida.

Akwai masu cewa ɓarawo ne. Hinda ba ta yarda ba, kuma ba don tana kare shi ba. Ɓarawo ai mutum ne, yunwa ke kai shi, in ya ƙoshi ya kwanta. Illa bai tara abin a zo a gani ba. Cutarsa daban ce. Shi abincinsa mutum ya tsaya gabansa yana murza hula, yana roƙo, da shaidu. Matsalar da aka warware shiru ba wanda ya gani, a wurinsa asara ce, kamar hatsin da aka zubar a rijiya. In ya zo sallah da turamen atamfa ba ya rabawa sai zaure ya cika. In aka yi rashin lafiya a dangi, ba ya aiko da magani sai an kai gargara an zo an durƙusa. Kuma duk faɗin duniyar nan mutum ɗaya ce ba ta taɓa durƙusa masa ba. Ita ce kuma kaɗai wadda ta taɓa ba shi, ba shi ya ba ta ba. Ita ta wanke masa kashi, ita ta san tsumman ƙuli-ƙuli. Kowa na cewa Darekta, ita har gobe Illa take cewa, gatsal, kamar tana kiran sa ya zo ya share rariya. Irin wannan mutum bai iya yafe wa wanda ya yi masa alheri ba.

Da mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata na gidajen aurensu, namijin ya tafi neman kuɗi arewa, Hinda ta dawo gidan uba ta shiga ɗakin uwarsu. A ɗakin aka haife ta, a ciki ta yi wankan jegon farinta. Ta gyara yaɓe, ta kafa turke, tana da awakinta da 'yar gonarta, ba ta nemi ko allura wurin kowa ba. Sai ga Illa ya tafi retret, ya ajiye aikin gwamnati, Yamai ta daina gaishe shi, ya tuna yana da gari. Ya tara malamai a raba gida, nasa kashi biyu, nata ɗaya, yadda shari'a ta ce. Da aka zo zaɓen ɓangare, ya sunkuyar da kai ya ce, "Kar a tayar da Yaya daga inda take. Ni na ɗauki gangaren, ko da shi ne wurin ruwa." Malamai suka yi ta sa masa albarka. Hinda kaɗai ta gane akwai wata a ƙasa, don ta san fuskar nan. Aka bar mata wani siririn lungu ta gefen tudu a matsayin hanyar fita, lungun da ruwa ba zai taɓa hawa ba.

Ya gina gidansa, ya shimfiɗe tsakar gida da karo, tayil ɗin nan mai sheƙi, har mutum na ganin haɓarsa a ciki. A bakin babbar ƙofa kuma, daidai inda duk mai shigowa zai fara kallo, ya gina wani ɗaki guda, ya shafa wa ƙofar koren fenti, ya rataya fanka. Duk baƙon da ya zo sai an buɗe masa. "Ɗakin Yaya ke nan. Ina ta fama da ita ta bar wancan kangon, amma ka san tsofaffinmu."

Sau ɗaya ta taka ta je ta same shi, bayan ruwan farko. Yana kishingiɗe a baranda, tabarau a ƙirji.

"Illa."

"A'a, Yaya da kanki? Ai da kin aiko."

"In aiko wa? Akuya? Rariya na zo ka buɗe."

"Zauna mana, a kawo miki lemo."

"Ban zo shan lemo ba. Ruwa na cin gindin ɗakin Inna."

"Wallahi abin na raina, Yaya. Sai dai ba haka kawai ake yi ba, akwai tsari. Ruwan da ya kwaso kashin awaki ya ratsa gidan mutane, wannan magana ce ta lafiyar jama'a. Shekara nawa ina yaƙi da irin wannan? Amma za a duba."

"Kashin awakin nan, da nonon kakanninsu ka yi ƙashin da kake zaune a kai."

Ya yi murmushi, irin na wanda yaro ya taka wa riga. "Ni dai ga ɗaki can na jiran ki. Suminti, kwano, fanka. Ba yaɓe, ba ɗigo. Awakin a sayar, me za ki yi da wahala a wannan shekarun? Kalma ɗaya za ki ce, in tara mutane a kwaso kayanki."

"A tara mutane." Ta jinjina kai. "Ka ajiye ni bakin hanya, a shafe ni da farar ƙasa, ƙofata na kallon titi. Illa, ni ba salgar Guci ba ce."

Murmushin bai motsa ba, amma ta ga kunnensa ya yi wani abu. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Yaya. Damina dai tana tafe."

Ta fito ta san inda aka dosa. Ba zai kore ta ba, Illa bai taɓa korar kowa ba. Zai zauna ne kawai ya bar sama ta yi masa aiki. Ran da ɗakin ya zauna, za ta zo da tabarma a ka, jiƙe sharkaf, gari na kallo, shi kuma ya fito ya buɗe koriyar ƙofa da hannunsa. Ƙara wurin mai unguwa kuwa, ya san ba za ta kai ba. Wanda ka goya ba ka kai shi gaban hukuma, bayanka ne zai ji kunya. Ko ta kai ma, me za a ce? Tsohuwa mai taurin kai, ƙaninta ya gina mata ɗaki har da fanka. Wannan ma ya riga ya shirya shi tun kafin a kwaɓa suminti.

To, ga shi yau har 'yarsa ta cikinsa ta gaji. Nabila a Yamai ta girma, aiki ya kawo ta likitar garin, wato asibiti. Da farko Hinda ba ta ɗauke ta da wata daraja ba, yarinyar da ke kiran ubanta Papa kamar ana kiran kyanwa. Amma yarinyar kan zagayo ta lungu da yamma, ta zauna kan turmi ta sha fura da ludayi, ba ta taɓa goge bakin ludayin ba. Hinda ta ƙarasa ɓarar gyaɗarta, ta ɗaga kai ta dubi gabas.

Ran da abin ya faru, Laraba ce, bayan azahar. Tun safe gari ya yi tsit, zafi kamar an kifa ƙwarya. Ta ji tsayuwar babura a ƙofar Darekta, ta ji sallama, ta gane muryar Mamadu, konseye a meri, wato kansila a ma'aikatar magajin gari, mutum mai dariya tun kafin a gama ba da labari. Nabila ta riga ta gaya mata abin da zai kawo su: za a kafa komiten kare gari daga ambaliya, ana so Darekta ya shugabanta, tunda a faɗin Dantchiao ba wanda ya kai shi sanin harkar gidaje. Sun cire takalma a bakin baranda sun shige falo ke nan hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, da iska mai ɗauke da ƙasa. Kafin Hinda ta kwance awaki, sama ta ɓalle.

Ba ruwan shuka ba ne wannan. Indararo na zuba kamar ana tuttula tulu. Tsakar gidanta ta cika ta koma tafki, ruwan ya je ya daki katangar suminti ya dawo yana neman wuri. Ya rufe idon sawu, ya kama ƙwauri. Awaki suka haye kan tarin itace suna kuka. Ta tsaya bakin ɗaki tana kallon gindin bango yana shan ruwa, jar ƙasa na narkewa tana bin ƙafarta kamar kunu. Sai ta ji wani nishi a bayanta, ta waiwaya, bangon madafa ya durƙusa a hankali kamar raƙumi, ya zube cikin ruwa. Saura ɗakin.

Ta dubi tabarmarta a naɗe jikin gado. Ɗaukarta kawai za ta yi, ta bi lungu, ta zagaya. Ga baƙi ma a falo, shaidu sun samu. Har ta ga yadda zai fito, yadda zai ce sannu Yaya.

Ta miƙa hannu bayan gado, ta wuce tabarmar, ta jawo dagin marigayi mijinta, ƙarfen da yake haƙa ramin shinge da shi. Ta ɗaure zane a ƙugu ta shiga ruwan.

Ba ta nemi wurin ba, ƙafarta ta san kwatar. Ta laluba da yatsa ta ji inda sabon suminti ya fi tsohon kaushi. Ta ɗaga dagi ta soka. Ruwa ya cinye rabin ƙarfin. Ta sake. Kafaɗarta ta amsa, bulo bai amsa ba. Ta yi ta yi har numfashinta ya fara fita da ƙara, tafin hannunta ya tsage, tana sara tana zagin kanta da ta tsufa ba ta sani ba. Ta jingina da katangar ta huta. A nan ne, ta cikin sumintin da ke bayanta, ta ji ƙwal. Ta ɗauka kunnenta ne. Ƙwal, ƙwal. Wani na dukan wurin daga ɗaya gefen.

"Gwaggo!" Muryar Nabila ta hauro cikin ruwan sama. "Ki janye hannunki, da guduma nake!"

"Ke 'yar nan, ubanki zai tsine miki!"

"Ba zai iya ba, yana da baƙi! Buga ta nan, Gwaggo, ya fara tsagewa!"

Suka haɗu a kansa, dagi ta sama, guduma ta ƙasa. Bulon ya yi ƙara ya faɗa ciki. Ruwan ya ja da ƙarfin da sai da Hinda ta dafa katanga. Ya bi hanyar da ya sani tun kafin a haifi Illa, ya kwashi ɓawon gyaɗa, kashin awaki, toka da jar ƙasar madafa, ya shimfiɗa su kan karo mai sheƙi. Ta ji Nabila ta ƙyalƙyale da dariya, ta ji Mamadu na ihu, "Takalmana! Jama'a, takalma sun tafi!" Tana tsaye ruwan na sauka daga ƙwaurinta zuwa idon sawu, har ƙasa ta fito. Ta je ta dafa bangon ɗaki. Ya jiƙe har gwiwa, ya zubar da yaɓe, amma yana tsaye. In rana ta fito kwana biyu, a kwaɓa ƙasa a toshe, zai kai wata daminar.

Ruwa ya ɗauke gab da la'asar. Tana zaune kan turmi, dagi a gefenta, tana ɗaure hannu da gefen zane, sai ta ji taku a lungu. Tun da aka ja katangar Illa bai taɓa bin lungun nan ba. Ta miƙe ta riƙe dagin. A ranta har wani daɗi ta ji. Yau dai za a yi ta. Yau zai ɗaga murya ko sau ɗaya a rayuwarsa, ya zage ta, ya ce ta ɓata masa gida, ta ga ƙaninta na gaskiya kafin ta mutu.

Ya tsaya a ƙofa, ya tattare babbar riga da hannu ɗaya don kar ta taɓa taɓo. Bayansa Mamadu ne da sauran, ƙafa ba takalmi, wando a naɗe. Illa ya dubi bangon madafa da ya zube. Ya dubi hannunta, jinin ya ɓullo ta zanen. Ya dubi ramin, ruwa na bi ta ciki siriri, tsab, kamar ba a taɓa toshe shi ba. Sai Mamadu ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Kai! Da ba don ramin nan ba ai da ɗakin nan ya tafi." Ya zaro wayar salula daga aljihu.

Hinda ta ga abin ya sauko wa Illa a fuska. Ta san shi. Shi ne na yaron da ya ji gyaran muryar Malam Manu a zaure.

Ya saki rigar, ya ɗora tabarau a hanci, ya juya ga baƙinsa.

"Ku shigo ku gani da idonku. Irin magudanar da nake ta faɗa ke nan tun ina Yamai, kowane gida ya bar wa ruwa hanya. Da gidanmu na fara. Yaya, ɗan matsa gefe, za su ɗauki hoto."